Tambayoyin Kafin Allurar Barci

Masu karatu, ku gyara zama, don labarin yau ba irin na dariyar nan da muka saba ba ne. Wasunku sun cika min waya da "Nas, ina Malamin Lissafi ya shiga, kin daina ambatonsa?" To, ga amsarku na kawo, sai dai ni kaina ba ta yi min daɗi ba.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, ni nas ce. Na jima ina aiki a ɗakin masu jinya kafin na koma karatun ba da allurar barci. Mu ne muke tsayawa ta wajen kan mara lafiya a ɗakin tiyata, mu sa shi barci, mu kula da numfashinsa da bugun zuciyarsa har likita ya gama ɗinki, sannan mu tashe shi. Jama'a likitan da ya riƙe wuƙa suke gani, ba ruwansu da wadda ta kafa wa na'ura ido ko ƙiftawa ba ta yi. Abin da ya rage min yanzu shi ne jarrabawar ƙarshe. In na ci, za a ba ni shaidar cewa zan iya tsayawa ni kaɗai, ba sai da wata babba a bayana ba.

Da za ku ga ɗakina da kun tausaya min. Bango duk takardu ne a manne, sunayen magunguna da adadinsu. Madubina ma na rufe rabinsa da hoton maƙogwaron ɗan Adam, in zan shafa hoda sai na sunkuya. Umma in ta leƙo cewa take yi, "Wannan ɗakin budurwa ne ko kantin magani?"

Duk cikin karatun nan, lissafi ne ya fi ba ni wuya. Maganin barci ba a zuba shi da ka, da nauyin mutum ake auna shi, kilo kaza, ɗigo kaza. Wata rana Yayana ya tarar da ni a falo ina share hawaye a kan littafi, ya ce, "Ke dai kin ji kunya. Bari in kawo miki abokina, shi da lambobi kamar tare aka haife su."

Haka Malam ya shigo gidanmu. Malamin lissafi ne a makarantar sakandare, dogo, kakkaura, mai son ɓalla maɓallin rigarsa har wuya ko ana zafi. Kullum akwai jan biro a aljihunsa, da farin alli a bakin hannun rigarsa. Kujerar bakin ƙofa yake zama, Umma kuma ta ɗauko tiren shinkafa ta zauna a ƙofar kicin tana tsinta, wai ba ta jin mu. Shinkafar gidanmu ba ta taɓa samun tsinta irin ta wancan lokacin ba.

"To, Ɗaliba," haka yake kira na, "an kawo miki wani ƙato mai kilo tamanin da biyar, kamar ni. Nawa za ki ɗura masa?"

In na faɗi daidai sai ya lumshe ido ya langaɓar da kai, wai ya yi barci. In na yi kuskure sai ya dafe ƙirji ya ce, "Shi ke nan, kin kashe wa 'yan aji uku malaminsu."

Ban san ranar da lissafi ya koma wani abu daban ba. Na dai san na fara canja mayafi sau biyu kafin ya iso. Shi ma ya faɗa min abin da ke ransa tun tuni, ya ce ba gaggawa, in na shirya in ba shi amsa. Ni kuma na riƙa jan aji, don na ɗauka yana nan kullum kamar kujerar bakin ƙofar.

Sai aka yi mana jarrabawar gwaji, na faɗi warwas.

Wadda take kula da mu a ɗakin tiyata, Sista muke ce mata. Dattijuwa ce mai tabarau a rataye da zare, ba ta ɗaga murya, amma in ta kalle ka sai ka shiga taitayinka. Ta ajiye takardata a kan tebur ta ce, "Kin ce min kuskuren kaɗan ne. A wannan aikin, kaɗan ɗinki jana'izar wani ce. Je ki nemo inda hankalinki ya tafi ki dawo da shi."

Na dawo gida na tarar da Gwaggo, yayar Babanmu, ta zo yini. Tana jin labari ta tafa hannu.

"Ai dama na faɗa! Ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu. Kullum namiji a falo, ina karatu zai shiga?"

Umma ta ce, "Yaya, yaron nan shi yake koya mata."

"Eh, na ga abin da ya koya mata."

Umma ta juyo kaina. "Ke kuma laifinki ne. Da kin ba shi amsa kowa ya san matsayinsa, da hankalinki ya kwanta. Kin bar ɗan mutane a tsaye kamar mai jiran mota."

Wannan ta ja ni gabas, wannan ta ja ni yamma. Kaina ya ɗauki zafi. Ko kayan jikina ban canja ba, doguwar riga ce ruwan toka duk ta yamutse, da safar asibiti a ƙafata, aka ce Malam yana sallama.

Na fita na same shi a bakin ƙofar gida. Bai shigo ba ranar. Yana jingine da bango, hannunsa ɗaya a kan cikinsa. Na gani da idona, masu karatu, na gani, amma na ɗauka tsayuwa ce kawai.

"Ɗaliba, yau ban zo da lissafi ba. Akwai maganar da nake so mu yi."

Raina ya ba ni maganar aure ce, irin wadda na baro a falo. Ban bar shi ya ƙarasa ba.

"Malam, don Allah. Kowa magana, kowa magana. Na faɗi gwaji, ka sani? Ko wace magana ce a bakinka, ka riƙe ta sai na gama jarrabawa. Zuwan ma ka ɗan dakata."

Ya kalle ni. Sannan ya yi ɗan murmushi, ya gyara jan biron aljihunsa.

"To. Allah ya ba da sa'a. Ki riƙa cin abinci."

Ya juya ya tafi a hankali. Ni kuma na koma ciki ina jin kamar na sauke kaya daga kaina.

Bai sake zuwa ba. Amma kowace safiya, kafin in fita, saƙonsa yana shigowa. Ba gaisuwa, ba "ina kewarki". Tambaya ɗaya tak: *Jariri mai kilo huɗu, nawa za ki ba shi?* Washegari: *Tsohuwa mai hawan jini, kilo hamsin.* Da farko ina tura masa amsar, lamba kawai, shi kuma ya turo alamar daidai. Daga baya na ga ƙarar wayar tana katse min karatu, na toshe ta. Saƙonnin suka riƙa taruwa ban buɗe ba. Can wata rana na lura sun daina shigowa gaba ɗaya. Kun san abin da na ce a raina? Na ce, "Madalla, ya gane."

Umma kuwa ba ta bar ni na huta ba. Ina shan shayi da safe za ta ce, "Kin kira yaron nan?" Ina ɗaura igiyar takalmi za ta ce, "Gaisuwa dai ba ta cin lokaci." Har na fara fita ta ƙofar baya don kada mu haɗu. Wata safiya na nemi babban fulas ɗinmu mai jan marfi, wanda nake tafiya da shi asibiti, ta ce ta ba wani aro. Na yi ta mita har na fita.

Karatu kuwa ya zauna. Gwaji na biyu na ci da maki mai kyau, Sista ta ɗaga takardar ta ce, "Hm." A wurinta wannan guɗa ce.

Saura abu ɗaya. Kafin a bar mutum ya zauna jarrabawar, sai ya tsaya a kan manyan ayyukan tiyata iri-iri a gaban mai kula da shi. Ni na cika komai, sai babban aikin ciki guda ɗaya da ya rage, kuma an kusa rufe karɓar sunaye. In bai samu ba, sai zagaye na gaba.

Jiya bayan azahar Sista ta tare ni ina wanke hannu.

"Allah ya kawo miki. Gobe da safe akwai babban aikin hanji. Ɗakin maza, gadon da ke jikin taga. Je ki yi masa tambayoyin kafin barci, ki auna shi, ki kawo min tsarinki."

Har da ɗan tsallena a matattakala. Ina cikin koren kayan tiyata, hular a kaina, abin sauraron ƙirji a wuya, ina ta maimaita tambayoyin a zuciyata. Na shiga ɗakin, warin maganin goge ƙasa ya bugi hancina, fanka tana ta ƙugi a sama. Labulen gadon a ja yake. Na yi sallama na ɗaga.

Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne fulas mai jan marfi a kan ƙaramar durowa.

Sannan shi.

Wallahi da a hanya muka haɗu sai na wuce shi. Wuyan nan da maɓalli yake matsewa ya zama siriri, ƙasusuwan kafaɗarsa sun fito ta cikin rigar asibiti. Ana yi masa ƙarin ruwa a hannun hagu. A cinyarsa akwai tulin takardun ɗalibai, yana duba su da jan bironsa.

Ya ɗago. Biron ya tsaya.

"Ɗaliba," ya ce. Sai ya dubi kayan jikina ya gyara. "Au, Nas. Sannu da aiki."

Na ɗauko fayil ɗinsa daga ƙarshen gado don in samu inda zan ɓoye idona. Ƙari ne a hanji. Na dubi ranar da ya fara zuwa asibiti, na dubi ranar da aka ba shi sakamakon hoto. Ranar da na faɗi gwaji ce.

"Maganar da ka zo da ita ke nan," na ce.

"Yi aikinki, Nas. Ana jiranki."

"Malam..."

"Tambaya ta farko: ka taɓa yin tiyata? A'a. Ta biyu: akwai maganin da jikinka ba ya so? Babu, sai mai ɗaci." Yana lissafawa da yatsu. "Ta uku: akwai wanda aka taɓa sa wa barci a danginku ya ba da wahala? Babu. Taba? Ba na sha. Haƙorin roba ko mai girgiɗi? Duk nawa ne, suna nan daram."

Shi ya riƙa yi min waɗannan tambayoyin a falonmu har na haddace. Jerin bai kuskure ko ɗaya ba. Ina rubutawa hannuna yana rawa.

"Kana minshari?" na ce.

"Wannan sai ki tambayi Yayata. Ni lokacin barci nake yi."

Na so in yi dariya, sai kuka ya taso. Na haɗiye shi. Na ce ya buɗe baki ya fito da harshe, na haska, na sa ya ɗaga kai sama, na taɓa wuyansa don in ga ko bututun numfashi zai shiga ba wahala. Ban taɓa taɓa shi ba sai ranar. Jikinsa da ɗumi, jijiyar wuyansa tana bugawa da sauri a ƙarƙashin yatsuna, duk da fuskarsa tana nuna ba komai.

Na jawo sikeli. Ya sauko a hankali yana riƙe da ƙarfen da aka rataye ƙarin ruwan, ya hau. Allurar ta tsaya a sittin da shida.

Shi ma ya sunkuya ya duba. "Kin ga, sai ki sake lissafi. Ƙaton nan ya tafi."

Nan na kasa. Na zauna a kujerar 'yan dubiya na rufe fuskata da fayil.

"Me ya sa ba ka faɗa min ba? Ko a saƙo?"

"Kin ce in riƙe."

"Ai ban san wannan ba ce!"

"Na sani." Ya koma ya zauna a bakin gado yana mayar da numfashi. "Da na faɗa miki, da kin ajiye littafi kin zo kin tare a nan. Sai ki faɗi jarrabawa, Gwaggo ta ce ni ne. Kuma ta yi gaskiya." "Amma ba zan ɓoye miki ba, akwai safiyar da na tura tambaya, na ajiye wayar a kan ƙirjina har azahar. Ba amsar nake so ba. So nake kawai in ga alamar an buɗe."

Masu karatu, a makaranta an koya mana cewa mara lafiya yana faɗa maka ciwonsa tun kafin ya buɗe baki: tsayuwarsa, inda ya dafe, launin idonsa. Na ci wannan darasin da maki mai kyau. Mutumin da ya fi kowa kusa da ni ya tsaya a ƙofar gidanmu dafe da ciki, na kore shi don in je in karanta alamomin ciwo a littafi.

"Ke ce za ki sa ni barci goben?" ya tambaya.

"Haka aka tsara."

"Ashe zan yi barci mai daɗi." Ya ɗauki bironsa. "Je ki, kada Sistar nan taku ta cinye ki."

Na fito na tsaya a kan matattakala na kira Umma. Tana ɗauka na ce, "Umma, na ga fulas ɗinki."

Ta sauke ajiyar zuciya.

"Ya zo ya same ni kina wurin aiki. Ya haɗa ni da Allah kada in faɗa miki sai kin gama. Yayanki ma haka ya yi masa. Ni kuma na ɗauki alkawari. Abin da ya rage min kawai in ce ki kira shi. Sau nawa na faɗa miki?"

"Na ɗauka maganar aure kike yi."

"Ke komai kin ɗauka. Ba kya tambaya."

Ta ce, "Kina ina yanzu?" Na ce asibiti. Ta ce, "To share fuskarki, kada ya gani."

Na wanke fuska na nufi ofishin Sista. Akwai ƙa'idar da kowa ya sani a aikinmu: ba ka sa naka barci. Hannun da ya san mutum yana rawa, kuma ɗakin tiyata ba wurin rawar hannu ba ne. Ina tafe ina faɗa wa kaina cewa ba wanda ya sani. In na yi shiru, gobe in tsaya a kansa, in cike aikina, in zauna jarrabawa. Shi ma haka yake so. Amma na dubi yatsuna, har lokacin ba su daina karkarwa ba.

Na tarar da ita tana shan shayi a tsaye. Na ajiye fayil ɗin a gabanta.

"Sista, ki cire ni daga aikin gobe. Na san shi."

Ta saka tabaranta. "Kin san shi. Ni rabin mutanen da nake sa wa barci na san su. Ɗan'uwanki ne?"

"A'a."

"Mijinki?"

"A'a."

"To mene ne shi a wurinki? Ki yi tunani kafin ki amsa. In na cire ki, ba ni da wani aikin cikin da zan ba ki kafin a rufe. Kin san abin da hakan yake nufi."

Na sani. Duk takardun bangon nan, duk watannin nan, sai zagaye na gaba. Na ga fuskar Gwaggo a idona tana tafa hannu.

"Shi zan aura," na ce.

Ban taɓa furta wannan zancen ba, ko a gaban madubi. Ya fito da kansa, a ofis mai warin magani, a gaban matar da ba ta taɓa tambayata ko na karya ba.

Sista ta jawo fayil ɗin, ta buɗe shafin hoton cikinsa, ta karanta bayanin likita, ta rufe a hankali.

"Na cire ki. Ni zan tsaya a kansa da kaina." Ta ajiye kofin. "Wannan maganar da kika faɗa min, shi kin faɗa masa?"

Na girgiza kai.

"To koma yanzu ki faɗa masa. Kada ki bari sai ya farka."

Na sha jin Sista tana sallamar dangin marasa lafiya, kullum kalmarta ɗaya ce: "Ku je ku huta, in ya farka kwa yi hira." Ban taɓa jin ta ce wa kowa ya yi sauri ba.

Na cire hular na fita da gudu-gudu. Na wuce masu tura keken abinci, na hau matattakala bibbiyu. Lokacin dubiya ya yi, baranda cike da mutane da ledoji da kwanuka. Ina isa ƙofar ɗakin maza wata mata ta miƙe daga kan benci ta sha gabana. Doguwa ce, da baƙin mayafi, idonta jawur. Ba sai an faɗa min ba, goshinsu ɗaya da Malam. Yayarsa ce.

Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ke ce ɗalibar?"

"Ni ce, Yaya. Ina wuni. Don Allah magana ɗaya zan faɗa masa."

"Tun da kika fita ya ajiye takardun, ya juya fuska bango. Ya ce ya gaji, kada a bar kowa ya shigo sai an fito da shi gobe."

"Har ni?"

Ta gyara mayafinta, ta kau da kai.

"Ke ya fara ambata."